Ranar Ƙaura daga Kwamfutar Kowa da Kowa

Mu dai a layinmu, da wuya ka shiga ofis ko makaranta ko shagon buga takardu ka tarar kowa da kwamfutarsa. Guda ɗaya ce a kan tebur, ko biyu in Allah ya hore, mutum biyar ko shida na karɓa-karɓa a kanta. Mai buga wasiƙu ta zauna da safe, akawu ya karɓa bayan azahar, ɗan bautar ƙasa ya leƙa imel ɗinsa in ta samu sarari, da yamma kuma yaron maigida ya zo ya cike fom ɗin jarrabawa. Dukanmu da suna ɗaya muke shiga, galibi wanda mai sayarwa ya saka tun a kasuwa, User ko Admin ko HP. Kalmar sirri kuwa, in ma akwai, to 1234 ce, an rubuta a 'yar takarda an liƙa a gefen allo. Shekara da shekaru haka muke tafiya ba wanda ya damu, sai ranar da aka ce an sayo sabuwa, za a kwashe kaya.

Wannan rana kuwa ta riski da yawa daga cikinmu kusan lokaci guda. Kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, kamar yadda ya yi wa Windows 7 a Janairun 2020, ya yi wa XP a Afrilun 2014. Kwamfutar ba ta mutu ba, tana tashi tana aiki, sai dai duk ɓarakar da aka gano bayan nan ba mai zuwa ya toshe, in ba mutum ya shiga shirin ƙarin wa'adi da suka buɗe ba. Ita kuma Windows 11 tana da zaɓe. Sai na'urar da ke da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, in kuma injin Intel ne a ciki, sai daga zubi na takwas zuwa sama, wato na wajajen 2017 zuwa yau. Na hannun da muke sayowa a Beirut Road a nan Kano, ko ake kawo mana daga Ikeja, da yawansu sun girmi haka. Shi ya sa ko'ina ka zauna sai ka ji ana maganar sauyi.

Ga yadda muke yi, kuma kowa ya sani. Maigida ya buga wa injiniya waya, ya ce ya zo ya kwashe kayan tsohuwar ya zuba a sabuwar. Yaro ya iso da filashi a aljihu, ya gaishe da jama'a, ya ce, "Yallaɓai, me da me za a ɗauka?" Amsar ɗaya ce kullum: "Komai da komai." Sai ya ja abin da ke kan fuskar kwamfuta, ya haɗa da Documents, in ya tuna ya ɗauki Downloads da Pictures. Kafin la'asar ya gama, an sallame shi, an yi wa tsohuwar fomatin saboda ƙanin maigida tun jiya yake jiran ta. Ni ban ga laifin injiniyan ba. Bai taɓa wuni tare da mu ba, bai san abin da akawu ke buɗewa a ƙarshen wata ba, bai san inda mai buga wasiƙu ta saba ajiye kan takardar ofis ba. An ce masa komai, ya ɗauki abin da ido ke gani.

Washegari ne ake farawa. "Ina shafukan da na ajiye a Chrome?" "Firinta ta ƙi ji." "Malam, tsofaffin wasiƙun imel fa? Babu ko ɗaya." Wani ya danna hoton manhajar da ya saba aiki da ita, kwamfuta ta ce ba ta san inda abin yake ba. Nan kuwa abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne: ɗan hoton da ke kan fuskar kwamfuta manuni ne kawai, bai fi nauyin kilobait ɗaya ko biyu ba, ainihin manhajar tana can wani wuri, kuma ko an kwafo ta daga can ba za ta tashi ba sai an girka ta daga farko, da lambar lasisinta in mai lasisi ce. Mutane da yawa sun sha zuba waɗannan hotuna a filashi suna ganin sun tsira da kayan aikinsu.

Abin da ya kamata mu gane shi ne, kowane suna da ake shiga kwamfuta da shi yana da ɗakinsa a ciki, a ƙarƙashin foldar da ake kira Users. A nan ne su Desktop da Documents suke. Amma a cikin ɗakin nan akwai wata folda mai suna AppData da Windows ke ɓoyewa, ba ka ganin ta sai ka ce a nuna maka ɓoyayyun abubuwa. Can ne manhajoji ke tara duk abin da suka koya game da kai. Shafukan da ka ajiye a Chrome suna can. Sa hannun da ke fitowa a ƙasan wasiƙun Outlook yana can. Tsarin takardar da Word ke buɗewa da shi, wanda aka gyara wa girman rubutu da gefe shekarun baya, yana can cikin wani fayil mai suna Normal.dotm, haka ma kalmomin da aka koya masa don ya daina ja wa sunayenmu jan layi. Har 'yan takardun tunin nan masu launin ɗorawa da ake liƙawa a kan allo, inda wasunmu ke rubuta lambobin asusun banki na abokan ciniki, can suke kwana. Wanda ya kwashe Documents ya bar AppData kamar mai tashi daga gidan haya ne da ya loda gado da tukwane a mota, ya manta da takardun filin da ya cusa a saman silin.

Akwai ma abin da ba ya cikin ɗakin kowa. Masu lissafi da QuickBooks su sani cewa inda ya saba ajiye littafin kamfani shi ne foldar Public, wadda ba ta cikin abin da injiniya mai sauri ke dubawa. Wasu kwamfutocin kuma an raba rumbunsu biyu, akwai C akwai D, wani ma'aikaci da ya bar aiki tun tuni ya tara shekarun aiki a D ba wanda ya sani. Na ma san masu ajiye takarda a cikin kwandon shara na kwamfuta, wai don kada wani ya gani, su dawo da ita in suna so. Ba wanda zai yi tunanin kwashe shara ranar ƙaura, in ba mai ita ya buɗe baki ba.

Amma abin da ya fi taɓa ni, kuma ya fi shafar mu masu rubutu da Hausa, shi ne maganar haruffa masu lanƙwasa. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro salon rubutu guda biyu, Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka fitar da mu kunya. Da su aka buga littattafai da mujallu da kundayen digiri masu yawan gaske. Dabarar ita ce, an ɗauki wasu maɓallan da ba a cika amfani da su ba aka ɗora musu haruffanmu. Kana danna alamar baka, sai ɗ ta fito. To amma a can cikin fayil ɗin, alamar bakan ce a rubuce, salon ne kawai ke sa mata riga. Salon kuma ba ya cikin takardar, yana zaune ne a foldar Fonts ta tsohuwar kwamfuta. Ranar da aka buɗe takardar a sabuwa, sai ka ga "wa]anda" a maimakon waɗanda, "}asa" a maimakon ƙasa, "~arawo" a maimakon ɓarawo, shafi bayan shafi.

Na ga malamin makaranta da ya buɗe tambayoyin jarrabawar Hausa na shekaru da dama ya tarar da su haka, ya yi shiru ya dafe kai, yana zaton bairos ne ya cinye masa aiki. Ba abin da ya ɓace. Da an kwafo ɗan fayil ɗin salon daga tsohuwar kwamfuta an girka, da komai ya koma daidai nan take. Amma an riga an yi fomatin, sai da aka yi ta cigiya a shagunan buga littattafai kafin a samu mai shi. Ni shawarata ga duk mai irin waɗannan takardu, ranar ƙaura ita ce ranar da ya dace ya raba gari da wannan wahala. Yanzu Times New Roman da Arial da ke zuwa da Windows suna da haruffanmu na asali, akwai kuma tsarin maɓallan Hausa da za a iya ƙarawa. A buɗe takardar a Word, a ce ya nemo kowace daga cikin waɗannan alamomi ya musanya ta da harafin da take wakilta, harafi shida ne duka-duka in an haɗa manya da ƙanana. Sai dai a kula da wuraren da aka yi amfani da bakan don aikinta na gaskiya. Takardar da aka gyara haka, ko a waya aka buɗe ta za ta karantu, ko bayan shekara ashirin.

Masu zanen katin ɗaurin aure da kalanda a CorelDraw su ma wannan ciwon ne ke kama su. Salon rubutun da suka tara ɗaruruwa ba ya biyo zane, sai manhajar ta sa wani a madadinsa, sunan amarya ya tsallake layi.

Sai maganar kalmomin sirri, wadda ita ce ke tsayar da aiki cak. Mun saba Chrome ya riƙe mana. Ka shiga shafin biyan kuɗi ko na rajistar ɗalibai, ya tambaya ko ya adana, ka ce e, shi ke nan ba ka ƙara tunawa da ita ba. Shekara uku ana shiga ba a san me ake shiga da shi ba. Waɗannan kalmomi Windows na kulle su ne da makullin da ya danganci wannan suna a wannan kwamfuta, saboda haka ko an kwafo foldar Chrome ɗungurungum zuwa sabuwa, shafukan da aka ajiye za su zo, kalmomin sirri ba za su buɗe ba. Hanyar da ke aiki ita ce a shiga saitin Chrome tun tsohuwar na raye a ce ya fitar da su cikin fayil guda, a shigar a sabuwa. Amma fa fayil ɗin nan a buɗe yake, duk wanda ya same shi zai karanta komai kamar jarida, don haka ana gamawa a goge shi daga filashi da kwandon shara. Wasu kuma sukan ce a bari kawai wani ya shiga da Gmail ɗinsa Chrome ya kwashe komai zuwa can. Yana aiki, amma ma'anarsa kalmomin sirrin mutum shida sun koma cikin wayar mutum ɗaya, ya tafi da su gida, ya tafi da su duk inda ya koma aiki.

In an rasa kalmar sirri sai a ce a sake wata. Shafin ya ce ya aika lamba zuwa wayar da ta ƙare da kaza da kaza. A dubi juna. "Lambar wa ce wannan?" Can sai wani ya tuna: ai ɗan bautar ƙasar nan ne da ya buɗe mana imel ɗin, wanda ya gama shekararsa ya koma garinsu. Yaron kirki ne, ya taimaka ne da zuciya ɗaya, ya sa lambarsa saboda ita ce a hannunsa. In an yi sa'a a same shi ya karanto lambar. In ba a yi sa'a ba, ya daina amfani da layin, kamfanin waya kuma ya karɓe ya sayar wa wani, domin haka suke yi da layin da ya daɗe a kwance. Imel ɗin ofis na shekaru, da duk shafukan da aka yi rajista da shi, ya rataya a wayar baƙon da ba mu sani ba. Wannan kam tun kafin a taɓa ko da waya ɗaya ta bayan kwamfuta ya kamata a duba, a mayar da lambar zuwa layin ofis da ke hannun wanda ba ya zuwa ko'ina.

Shi kansa kwashe kayan yana da nasa tarko. Filashi da yawa suna zuwa da wani tsohon tsari mai suna FAT32 wanda ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4, ko da kuwa akwai fili. Fayil ɗin tsofaffin wasiƙun Outlook, mai ƙarewa da .pst, yakan wuce haka a ofishin da ya daɗe, sai kwamfuta ta ce ya yi girma, mai kwafa ya danna tsallake ya wuce, ba wanda ya lura. Filashin da ya zaga shaguna goma kuma yakan zo da bairos ɗin nan da ke ɓoye foldoji ya bar manuni a madadinsu, a kai shi sabuwar kwamfuta tun ranar farko. Ga ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Saboda haka a kwafa, kada a yanka. Wanda ya kwafa, in wuta ta tafi, kayansa na nan a inda suke. A ƙarshe kuma a danna kan foldar a nan da can, a gwada yawan fayiloli da nauyinsu, in lissafin bai zo ɗaya ba a san akwai abin da ya maƙale.

Wasu za su ce ai akwai manhajar da ke yin wannan duka. Da akwai. Windows 7 ta zo da Windows Easy Transfer, wadda injiniyoyinmu na da suka ji daɗinta, amma da Windows 10 ta fito a 2015 babu ita a ciki. Manyan ma'aikatu irin bankuna suna amfani da wata mai suna USMT, a rubuta umarni guda ta tattara kayan kowane ma'aikaci, a rubuta wani ta sauke su a sabuwar na'ura. Wasu ma kayan ma'aikaci ba sa zama a kwamfutar tebur sam, suna can babbar na'urar ofis, duk inda ya zauna ya shiga da sunansa sai su biyo shi. Akwai kuma ajiya ta intanet, OneDrive na ba da gigabait 5 kyauta, Google na ba da 15, ga wanda ke da data da haƙurin jiran netwok. Sai dai duk waɗannan an gina su ne a kan zaton cewa suna ɗaya mutum ɗaya ne. Mu kuwa mutum shida ne a cikin Admin. Babu manhajar da za ta iya bambance takardar albashi da hoton sunan jaririn akawu, ko ta san cewa "sabo sabo na ƙarshe 2" shi ne na gaskiya, "na ƙarshe" kuwa tsohon zubi ne. Wannan sai mu.

Na ga inda aka yi abin yadda ya kamata, kuma ba wani mai digirin kwamfuta ne ya tsara ba. Wata Hajiya ce da ta daɗe tana buga takardu a wani ƙaramin ofis, tun zamanin tafireta. Da ta ji an ce za a sauya, sai ta ce wa maigidan, "Ranka ya daɗe, a ba ni mako biyu kafin a kira yaron nan." Ta sayo littafin rubutu na 'yan makaranta ta ajiye a gefen kwamfuta da biro ɗaure da zare. Duk wanda ya zauna, sai ya rubuta manhajar da ya buɗe, da shafin da ya shiga, da inda ya ɗauko takarda da inda ya ajiye. Da farko ana ta ƙorafi, daga baya aka saba. Ta sa kowa ya buɗe folda da sunansa ya tattara nasa a ciki, na ofis kuma aka ware daban. Hotunan biki da finafinai da waƙoƙi, kowa ya kwashe a wayarsa.

Ranar da injiniya ya zo, ta ja kujera ta zauna kusa da shi da littafinta. "Ɗan nan, ba sauri muke ba. Ka ga wannan? Akawu na buɗe shi sau ɗaya a wata. Nuna mini inda yake ajiye kayansa." Yaron ya ce, "Hajiya, ai wannan sai an fitar da ajiyarsa daga cikin manhajar." Ta ce, "To fitar, ina kallo." Suna gama abu ta sa masa alama. Da aka zo kan firinta, sai da ta sa aka buga takarda ta riƙe a hannu, aka kuma gwada sikana. Da maigida ya ce a goge tsohuwar a ba wani, ta ce, "A yi mini haƙuri, Yallaɓai, a sa ta a kabad a kulle sai an biya albashin wata mai zuwa." Dalilinta kuwa mai ƙarfi ne. Akwai aikin da ba ya tasowa sai ƙarshen wata, akwai na ƙarshen zango, kuma ba ka sanin ka rasa abu sai ranar da ka neme shi. Kafin watan ya ƙare sai da aka ciro tsohuwar aka kunna, saboda wani jadawalin Excel da ke jan lissafinsa daga wani fayil da ke D.

Masu ɗora Windows 11 a kan tsohuwar na'ura ba tare da sauya ta ba su ma su san wa'adinsu. Windows na tara tsohon tsarin a wata folda mai suna Windows.old, amma bayan kwana 10 takan share ta da kanta.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya mu yi wa juna gaskiya. Abin da ke cikin kwamfutocin nan ba namu ba ne mu kaɗai. Buɗe Downloads na kowane shagon buga takardu ka gani. Takardar NIN ta mutane, hoton fasfo, sakamakon WAEC da NECO, takardar JAMB, bayanan asusun banki da aka turo a buga don neman biza, takardar asibiti, takardar gado, wasiƙar da wata ta zo a rubuta mata zuwa kotu tana share hawaye. Sun miƙo mana ne don a buga a ba su, ba su ce mu ajiye ba. Mu kuma muka bari suka taru, ranar ƙaura muka zuba su a filashin injiniya, wanda gobe zai soka shi a kwamfutar wani, ko muka bar su a tsohuwar muka sayar.

Kada kuma mu ruɗi kanmu da cewa an yi fomatin. Fomatin na sauri, musamman a tsofaffin rumbuna masu juyawa, jerin sunayen fayiloli kawai yake sharewa, kayan na nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Manhajar dawo da su kyauta ce a intanet, yaran kasuwa sun san ta sarai. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT ta Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun ba da rahoton cewa sun sayi tsofaffin rumbuna 158 a kasuwar kayan hannu, suka tono lambobin katin banki sama da 5,000 a ciki, har da bayanan marasa lafiya. Mu da muke sayen na hannu mun sha kunna kwamfuta mu tarar da hotunan iyalin wani Bature da takardunsa. Yadda nasu ya iso mana, haka namu zai isa ga wani. A cikin Windows akwai wurin mayar da kwamfuta sabuwa, a zaɓi goge komai, a kuma kunna zaɓin tsabtace rumbu. Yakan ci sa'o'i, sai a tayar da janareta a bar shi ya gama. In kuma bayanan masu nauyi ne, a cire rumbun a ajiye a ofis, a sayar da gangar jikin. Tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke sa ido a kai, kuma dokar ta hau kan duk mai riƙe bayanan mutane don sana'a, ba bankuna kaɗai ba. Amma ko babu doka, amana ce, kuma mun san hukuncinta tun a makarantar allo.

Abin da ya fi wuya shi ne a sabuwar kwamfuta a buɗe wa kowa sunansa da kalmar sirrinsa. Aikin ba ya cin minti biyar, amma mukan ji nauyi. Ka sa makulli, abokin aikinka na shekara goma ya ce, "Haba Malam, yanzu har mun kai nan? Me zan ɗaukar maka?" Ka ji kunya ka cire. Ni kuwa ina ganin ya kamata maigida ne ya ɗauke wa kowa wannan nauyi, ya ce umarninsa ne, har shi ma ya buɗe nasa. Wanda ya fi amfana shi ne ma'aikacin kansa, domin in takarda ta ɓace ko aka aika wani saƙo daga WhatsApp ɗin da ya manta bai fita ba, ba a rasa inda za a fara tambaya, ba a kuma ɗora wa marar laifi. Kayan da kowa ke buƙata a zuba su a Public, kowa na gani daga nasa ɓangaren. Sunan da ke da ikon girka manhaja ya zama ɗaya, a hannun mutum ɗaya ko biyu, sauran su zama na aiki kawai, yaron da ya zo cike fom ma a buɗe masa na baƙi.

Sai abu guda da sababbin nan suka zo da shi wanda da yawanmu ba mu sani ba. Idan aka kunna sabuwar kwamfuta aka shiga da asusun Microsoft, sau da yawa Windows 11 takan kulle rumbun gaba ɗaya da BitLocker, ta aika makullin, lamba ce mai alƙaluma 48, zuwa cikin wannan asusu. A da in kwamfuta ta mutu, injiniya ya ciro rumbu ya jona a wata ya kwashe mana kaya. Yanzu in rumbun a kulle yake, babu lambar nan babu kaya, ko wane ne injiniyan. Injiniyoyi kuma, don su gama da wuri, wasu kan shiga da nasu asusun, ko su buɗe wani a tsaye su manta abin da suka sa. Don haka kafin yaron ya ɗauki jakarsa, a tambaye shi da asusun wa ya shiga, a sa shi ya buɗe ya nuna lambar, a buga ta a takarda biyu. Ɗaya ta shiga fayil ɗin ofis, ɗaya maigida ya tafi da ita gida.